Shirun sabobin kundi ba shaidar lafiya ba ne

Idan sabar imel, wato kwamfutar da ke kula da saƙonnin imel na kowa, ta tsaya a ma'aikata, kafin minti goma an cika wayar mai kula da ita da kira. Idan intanet ya ɗauke, kowa ya sani a lokaci guda. Amma idan sabobin da ke riƙe da kundin ma'aikata suka daina musayar sauye-sauye a tsakaninsu, babu wanda zai kira, domin kowace saba tana ci gaba da amsa duk tambayar da aka yi mata da abin da ta sani na ƙarshe. Ma'aikaci zai shigar da sunansa da kalmar sirrinsa ya shiga kwamfuta lafiya lau, na'urar buga takarda za ta yi aiki, fayiloli za su buɗe, alhali kuwa sabar da ta tantance shi ta yi mako uku ba ta ji komai daga 'yan uwanta ba. Wannan ne ya sa nake ganin sa ido kan musaya shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a cikin dukan ayyukan kula da kundi, duk da cewa shi ne wanda sakacinsa ya fi tsada.

Kundin da nake nufi shi ne rumbun da ke ɗauke da sunayen ma'aikata, kalmomin sirrinsu, rukunonin da suke ciki, kwamfutocin ma'aikata, da izinin da kowa yake da shi. Zan fi mayar da hankali kan Active Directory, wanda kamfanin Microsoft ya fitar tare da Windows 2000, saboda shi ne ya fi yawa a bankuna da jami'o'i da ofisoshin gwamnati, kuma shi na fi aiki da shi. A tsarinsa babu saba guda da ke da ikon rubutu ita kaɗai. Ana iya ƙirƙirar sabon ma'aikaci a sabar hedikwata, a canza kalmar sirrin wani a sabar reshe, a cire wani daga rukuni a saba ta uku, duk a cikin minti ɗaya, sannan a dogara ga musaya ta kai kowane sauyi ko'ina. Ana sa ran cewa daga ƙarshe duk za su zama bai ɗaya, amma tsarin bai yi alkawarin yaushe ba, kuma a cikin wannan tazarar ne aikin mai sa ido yake.

Wanda bai fahimci yadda sauyi ke tafiya ba zai yi ta duban rahoto yana karanta shi a baibai. Abu na farko shi ne, ba a tura sauyi, jawo shi ake yi. Sabar da aka yi sauyi a kanta tana sanar da maƙwabtanta kawai cewa akwai sabon abu, su kuma su zo su nema. Kowace saba tana da lambar jeri tata ta kanta, wadda ake kira USN, da ke ƙaruwa duk lokacin da aka rubuta wani abu a rumbunta. Lambar wannan saba ba ta da wata alaƙa da lambar waccan, don haka kwatanta su kai tsaye ba ya nuna komai. Abin da ke da ma'ana shi ne abin da kowace saba ta rubuta game da sauran: ga maƙwabciyarta ta kai tsaye tana tuna lambar ƙarshe da ta karɓa daga gare ta, kuma tana riƙe da wani jadawali na biyu da ke nuna, ga kowace saba da ta taɓa ƙirƙirar sauyi a cikin tsarin, har zuwa wace lamba labarinta ya iso, ko da ta hannun wata ya biyo. Da wannan jadawali na biyu ne ake hana sauyi ɗaya ya yi ta zagaye ba iyaka. Tunda kuwa mai karɓa ce ke jawowa, ita ce ke da labarin nasara ko gazawa. Mutumin da ya zauna a sabar hedikwata ya ga komai yana shigowa lafiya bai san komai ba tukuna game da ko reshe yana karɓar abin da hedikwata ta rubuta. Dole a tambayi kowace saba a kan kanta, kuma a kan kowane sashe na kundin, domin sashen ma'aikata da kwamfutoci daban yake tafiya, sashen fasalin tsarin daban, sashen ƙa'idojin siffofi daban, haka ma sassan DNS, wato tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa adireshinta, idan a cikin kundin aka ajiye su. Yakan faru sashe ɗaya ya tsaya sauran suna tafiya.

Sai kuma lokutan da tsarin ya ɗauka a matsayin daidai, waɗanda ya kamata mai sa ido ya haddace. Tsakanin sabobin da ke wuri ɗaya, sanarwa tana fita daƙiƙa 15 bayan sauyi zuwa maƙwabciya ta farko, sannan daƙiƙa 3 tsakanin kowace mai bi mata, kuma ko babu sauyi sukan tuntuɓi juna sau ɗaya a awa. Tsakanin wurare daban-daban kuwa, jadawali ake bi, wanda asalinsa kowane minti 180 ne, kuma mafi ƙarancin da za a iya saita shi shi ne minti 15, sai dai idan an kunna sanarwa a kan layin da gangan. Wani ɓangare na tsarin da ake kira KCC yana farkawa kowane minti 15 ya sake lissafa wace saba ce za ta jawo daga wace. Ma'anar wannan ita ce, jinkirin awa biyu a reshen da ke kan jadawalin awa uku ba matsala ba ce, amma jinkirin awa biyu tsakanin sabobi biyu da ke ɗaki ɗaya abin bincike ne. Ban ga amfanin tsarin gargaɗi mai iyaka guda ga kowa ba, domin ko dai ya dami mutane da ƙararrawar banza har su daina saurarensa, ko kuma ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana.

Umarnin da kusan kowa ya fara sani shi ne repadmin /replsummary. Yana jera sabobi sau biyu, a matsayin masu bayarwa da kuma masu karɓa, kuma a gaban kowace yana nuna tazara mafi tsawo tun nasarar ƙarshe, adadin hanyoyin da suka gaza cikin jimilla, da lambar kuskure. Idon mutum yakan tafi kai tsaye ga adadin gazawa, ya ga sifili ya rufe. Ni kuwa tazarar nake fara dubawa, saboda gazawa labari ne na yunƙurin ƙarshe kawai, yayin da tazara ke faɗin shekarun abin da sabar ta sani. Layin reshe yana iya yankewa na minti biyar daidai lokacin da aka gudanar da umarnin, a ga gazawa mai ban tsoro wadda za ta warware da kanta. Haka kuma ana iya ganin sifili a gurbin gazawa saboda an toshe jadawalin layin gaba ɗaya, ba a ma yi yunƙurin ba balle a gaza. Can ƙasan rahoton akwai wani ɗan jeri na sabobin da umarnin ya kasa tuntuɓa sam, wanda mutane da yawa ba sa kaiwa gare shi, alhali su ne suka fi cancantar a fara da su. Idan aka ga abin da bai kwanta ba, repadmin /showrepl zai buɗe kowace hanya da kowane sashe, ya nuna lokacin yunƙurin ƙarshe, lokacin nasarar ƙarshe, da yawan gazawar da ta biyo jere. Wanda ya fi son PowerShell, harshen ba da umarni na Windows, zai sami kusan wannan bayani ta Get-ADReplicationPartnerMetadata da Get-ADReplicationFailure, kuma ya fi sauƙin zubawa cikin tsarin sa ido irin su Zabbix ko Nagios.

Lambobin kuskure suna da yawa, amma kaɗan ne ke maimaituwa, kuma yawancinsu ba daga kundin kansa suke fitowa ba. Lamba 1722 tana nufin ba a iya kaiwa ga ɗayar sabar ba, ko dai tana kashe, ko layi ya yanke, ko kuma katangar tsaro ta toshe ƙofar sadarwa mai lamba 135 da jerin ƙofofi daga 49152 zuwa 65535 da musayar ke amfani da su. Wannan na ƙarshe yakan biyo bayan wani gyara da masu kula da hanyar sadarwa suka yi ba tare da sanar da masu kula da kundi ba. Lamba 8524 matsalar DNS ce, domin sabobi ba da sunansu na yau da kullum suke neman juna ba, da wani dogon suna na musamman ne da kowace ke yi wa rajista a ƙarƙashin _msdcs, kuma idan wannan rajista ta ɓace ko ta tsufa, sabar tana iya amsa kowa amma 'yan uwanta su kasa samun ta. Lamba 5 da 8453 suna magana ne a kan hana izini, ita kuwa -2146893022 yawanci tana nufin kalmar sirrin da sabar ke gabatar da kanta da ita ta saɓa da wadda sauran suka sani, abin da ke faruwa idan saba ta daɗe a ware, tunda asusun kwamfutoci suna sauya kalmar sirrinsu duk kwana 30.

Akwai kuma agogo, wanda a yanayinmu yake buƙatar kulawa fiye da yadda littattafan koyarwa ke ba shi. Kerberos, tsarin tantancewar da sabobin ke amfani da shi a tsakaninsu, yana yarda da bambancin minti 5 ne kawai. A reshen da wutar lantarki ke ɗaukewa sau da yawa a rana, janareto yana hutawa da dare, batirin UPS ya gaji, saba tana mutuwa tana tashi ba bisa ƙa'ida ba. Idan ɗan batirin da ke riƙe agogon na'urar ya mutu, za ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, kuma idan layin sadarwa bai dawo ba a lokacin, babu inda za ta gyara lokacinta. Saboda haka nake sanya bambancin agogon kowace saba da na sabar da ke riƙe da matsayin PDC, wadda ita ce tushen lokaci, a cikin allo ɗaya da tazarar musaya. Sau da yawa agogon ne ke fara nuna alama kafin musayar ta tsaya.

Dalilin da ya sa masu amfani ba sa kawo ƙara da wuri yana da ban sha'awa, kuma yana da haɗari. Masu tsara Active Directory sun yi tanadi na musamman ga kalmar sirri: idan aka canza ta a kowace saba, ana aika ta nan take zuwa sabar PDC, kuma idan wata saba ta ga kalmar da ma'aikaci ya shigar ba ta dace da wadda ta sani ba, sai ta tambayi PDC kafin ta ƙi shi. Wannan kyakkyawan tanadi ne ga ma'aikaci, amma yana rufe alamar da ta fi kowace saurin fitowa. Sauran sauye-sauye ba su da irin wannan gata. Idan aka sallami ma'aikaci aka dakatar da asusunsa a hedikwata, ko aka cire wani daga rukunin masu amincewa da biyan kuɗi, sabar reshen da ta daina karɓa za ta ci gaba da buɗe masa ƙofa kamar ba a yi komai ba. Mutumin da aka ba sabon izini bai same shi ba zai yi ƙorafi kafin azahar, amma wanda aka ƙwace wa izini ya ga har yanzu yana da shi ba zai zo ya faɗa ba. Shi ya sa nake ɗaukar jinkirin musaya a matsayin lamarin tsaro, kuma nake ganin ya kamata jami'in tsaron bayanai ya riƙa ganin rahoton tare da mai kula da sabobi.

Abin da ya mayar da wannan aiki ya zama mai wa'adi shi ne yadda kundin ke goge abu. Idan aka goge asusu, ba ya ɓacewa nan take, domin da ya ɓace babu abin da za a aika wa sauran sabobi su san an goge shi. Sai a mayar da shi alamar gogewa, a riƙe ta na wani lokaci don ta zaga ko'ina, sannan aikin share-share da ke gudana kowace awa 12 ya kawar da ita. Wa'adin riƙe alamar kwana 60 ne a tsarin da aka kafa da Windows 2000 ko farkon Windows Server 2003, ya koma kwana 180 a tsarin da aka kafa daga baya. Abin lura a nan shi ne, sabunta sabobi ba ya canza wannan adadi da kansa. Ma'aikatar da ta kafa kundinta shekaru ashirin da suka wuce tana iya zama a kan kwana 60 har yau ko da dukan sabobinta sababbi ne, kuma ya kamata kowane mai kula ya buɗe siffar tombstoneLifetime ya gani da idonsa, ya kuma san cewa idan babu komai a cikinta to 60 ne. Sabar da ta wuce wannan wa'adi ba ta karɓa ba ta rasa labarin gogewar har abada, don haka tana ɗauke da asusun da kowa ya manta da su. Idan aka taɓa ɗaya daga cikinsu a kanta, za ta yi ƙoƙarin aika sauyin ga sabobin da ba su san abin ba. A inda aka kunna tsauraran ƙa'idar daidaito, mai karɓa za ta ƙi, ta rubuta aukuwa mai lamba 1988 a rajistar abubuwan da ke faruwa a sabar, ta dakatar da karɓar wannan sashe daga gare ta. A inda ba a kunna ba, sai abin da aka goge ya dawo da rai ya bazu, kuma yana iya zama asusun wanda aka kora. Windows tana ƙoƙarin kare kanta ta hanyar ƙin musaya da sabar da ta wuce wa'adi, inda za a ga aukuwa 2042 da kuskure 8614. Tun kafin a kai nan, aukuwa 1864 tana ta bayyana a rajista, tana ƙidaya sabobin da ba a ji daga gare su ba fiye da awa 24, fiye da mako, fiye da wata. Gargaɗin yana nan a rubuce tun da wuri, mai karantawa ne yakan yi ƙaranci.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu yana barin wata alama. Akwai matsala guda da ke iya wucewa ba tare da kuskure ko ɗaya ba, kuma ita ce hujjata mafi ƙarfi a kan waɗanda suka dogara ga rahoton nasara kaɗai. Tana faruwa ne idan aka mayar da saba baya ta hanyar hoton yanayin na'ura, wato kwafin halin da take ciki a wani lokaci, ko kwafin faifai, maimakon hanyar maidowa da kundin ya sani. A ɗauka, a misali, maƙwabta sun rubuta cewa sun karɓi komai daga wata saba har zuwa lamba 50,000, sai aka mayar da ita hoton jiya inda lambarta take 48,000. Duk sabon abin da za a rubuta a kanta zai ɗauki 48,001 zuwa sama, kuma idan maƙwabta suka zo neman abin da ya wuce 50,000 za a ce musu babu, su rubuta nasara su tafi. Sauye-sauye dubu biyu za su zauna a saba ɗaya tak, ba tare da kowa ya sani ba. Sigogin Windows na baya-bayan nan suna gane wannan idan maƙwabciya ta zo da lambar da ta fi wadda sabar ke da ita, sai su rubuta aukuwa 2095, su dakatar da musaya da hidimar shiga. Amma idan lambar ta riga ta haura tsohon matsayinta kafin wata ta tuntuɓe ta, abin yana iya wucewa shiru. Daga Windows Server 2012 an ƙara wata lambar shaida da manhajar da ke ɗauke da sabar (idan sabar tana gudana ne a matsayin manhaja a cikin wata na'ura) ke sauyawa duk lokacin da aka mayar da hoto, wadda ke sa sabar ta sabunta shaidarta ta fara sabon lissafi. Wannan ya rage haɗarin sosai, da sharaɗin manhajar da ke ƙasa ta goyi bayansa, amma bai shafi wanda ya kwafe faifai da hannu ya mayar ba.

Maganin irin wannan makanta shi ne a daina tambayar sabobi ko suna lafiya, a gwada su. Hanyar ba ta da wuya. A ƙirƙiri wani abu na gwaji guda ɗaya ga kowace saba mai karɓar rubutu, a cikin wani ɓangare da babu mai taɓawa, sannan wani ɗan shiri ya riƙa rubuta lokacin yanzu a gurbin bayaninsa, a kan sabar da abin yake wakilta, kowane minti goma sha biyar ko makamancin haka. Wani shirin kuma ya zaga dukan sabobi ya karanta dukan abubuwan gwajin. Abin da zai fito shi ne jadawali mai nuna, ga kowace saba biyu, minti nawa sauyi ke ɗauka daga wannan zuwa waccan. Ya zama kowace saba tana da nata abin, domin idan biyu suka rubuta a gurbi ɗaya tsarin zai raba gardamar da lambar siga, sannan lokaci, sannan shaidar saba, ya zubar da ɗaya, kuma gwajin ya rikice. Sabobin karatu kawai, waɗanda aka shigo da su a Windows Server 2008 domin rassa marasa cikakken tsaro, ba a rubutu a kansu, don haka karantawa kaɗai za a yi. Kamar mai gona ne da ke son tabbatar ruwan famfo yana kaiwa ƙarshen fadama: jin ƙarar injin bai isa ba, sai ya taka ya ga ƙasar can ta jiƙe. Idan kuma aka sami saɓani a kan wani asusu na gaske, repadmin /showobjmeta zai nuna, siffa bayan siffa, a wace saba aka fara yin sauyin, da yaushe, da siga ta nawa, sai a kwatanta sabobi biyu a ga inda labarin ya tsaya.

Wani abin da ake mantawa shi ne SYSVOL, babban fayil ɗin da ke ɗauke da fayilolin manufofin rukuni, wato saitunan da ake ɗora wa kwamfutoci da ma'aikata, da shirye-shiryen shiga. Ba ta hanyar musayar kundi yake tafiya ba, wata hidima ce daban mai suna DFSR ke ɗaukarsa, don haka repadmin yana iya nuna komai daidai alhali manufar da aka gyara a hedikwata ba ta kai reshe ba. A wasu sigogi, irin su Windows Server 2012, idan wuta ta ɗauke wa saba ba zato, hidimar takan rubuta aukuwa 2213 ta tsaya cak tana jiran mutum ya ba ta izinin ci gaba, kuma idan ta kai kwana 60 a ware sai ta rubuta 4012 ta ƙi komawa da kanta. Duk mai saba a wurin da wuta ba ta tsayawa ya kamata ya sanya waɗannan lambobi biyu cikin abin da ke tayar da ƙararrawa, ya kuma ajiye ɗan fayil ɗin gwaji a SYSVOL kamar yadda ya yi a kundi.

Masu amfani da wasu kundaye ba su tsira daga wannan ba, sunaye ne kawai suka bambanta. A OpenLDAP ana kwatanta ƙimar contextCSN, mai nuna sauyi na ƙarshe da saba ta sani, tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kuma tunda lokaci yana cikin ƙimar kanta, agogon da ya kauce yana iya ɓata tsarin jerin sauye-sauye. A 389 Directory Server, wanda FreeIPA ke tsaye a kansa, kowace saba tana riƙe da jadawalin RUV, mai nuna inda labarin sauye-sauyen kowace saba ya iso, kuma kowace yarjejeniyar musaya tana da gurbin da ke faɗin sakamakon yunƙurinta na ƙarshe. A duka biyun gwajin rubuta lokaci a karanta a wani wuri yana aiki daidai yadda yake.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai tunanin da ke yawan biyo bayan musaya mai lafiya, wato cewa tunda akwai sabobi da yawa ba a buƙatar kwafin ajiya. Musaya tana kai kuskure ko'ina da saurin da take kai daidai, kuma sabobin da ke haɗe a hanya ɗaya suna iya faɗuwa tare. A watan Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta shafe sabobin kundin kamfanin jiragen ruwa na Maersk da ke kan layi a lokaci guda, kuma abin da ya cece su shi ne saba guda a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma da ɗaukewar wuta ta raba da hanyar sadarwa kafin harin. Shugaban kamfanin ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. Don haka shekarun kwafin ajiya na ƙarshe, wanda repadmin /showbackup ke nunawa, yana cikin abin da nake dubawa, musamman da yake kwafin da ya girmi wa'adin alamar gogewa ba ya maiduwa lafiya.

Game da iyakokin gargaɗi, ra'ayina shi ne a kafa su bisa jadawalin kowane layi. Idan tazara ta ninka abin da jadawali ya tanada sau biyu, a rubuta a duba cikin ranar. Idan ta kai awa 24, wani mutum takamaimai ya ɗauki nauyinta da sunansa, ba akwatin saƙon da mutum goma ke gani kowa yana zaton wani ya duba ba. Idan ta kai mako, shugaban sashe ya sani, tare da ranar da wa'adin gogewa zai cika a rubuce a gabansa, domin wani lokaci gyaran yana buƙatar kuɗin mota zuwa reshe ko sayen batiri, kuma wannan ba a hannun mai kula da saba yake ba. Shi kansa tsarin sa idon yana buƙatar mai duba shi: idan shirin da ke tattara rahoto ya mutu, rashin saƙo zai yi kama da lafiya, don haka gara ya riƙa aiko da rahoto kullum ko babu matsala, kuma hanyar aika gargaɗin kada ta dogara kacokan ga kundin da ake sa wa ido. Ina kuma jan hankali game da al'adar gudanar da repadmin /syncall da zarar an ga ja a allo. Idan ya yi nasara, lambobin sun koma daidai na ɗan lokaci kuma an share sawun da za a bi a gano dalili, shi kuwa dalilin, ko DNS ne ko agogo ko layin da ya cika, yana nan yana jira.

Saura batun sabar da ta dawo bayan doguwar ɓata, kamar ta reshen da aka rufe watanni saboda gyaran gini ko matsalar tsaro, sannan aka buɗe. Kafin a haɗa ta da hanyar sadarwa, a lissafa ranar nasararta ta ƙarshe a kwatanta da wa'adin. Idan tana cikin wa'adi, a gyara agogonta, a haɗa ta, a zauna a kanta har kowane sashe da SYSVOL su kammala. Idan ta wuce, akwai wani saiti a rajistar Windows da ke tilasta wa sauran sabobi su karɓe ta duk da haka, kuma za a same shi cikin sauƙi a shafukan tambaya da amsa. Ba na ba da shawararsa sai ga wanda ya riga ya gudanar da repadmin /removelingeringobjects a yanayin gwaji, ya ga jerin abubuwan da za su fita, ya share su, kuma yana da dalili mai ƙarfi na riƙe wannan sabar. A mafi yawan lokuta hanyar da ta fi aminci ita ce a sauke ta daga matsayinta da ƙarfi tana ware, a share bayananta daga kundin, a cire rajistarta daga DNS, a tabbatar babu wani matsayi na musamman da ya rage a hannunta, sannan a sake girka ta ta jawo kundin sabo daga saba mai lafiya. Duk sauyin da aka yi a kanta lokacin da take ware zai tafi, don haka a fara fitar da jerin asusun da aka ƙirƙira ko aka gyara a reshen a wannan tsakani, a sake shigar da waɗanda har yanzu ake buƙata da hannu a hedikwata.